Littattafan Soyayya Masu Aljanu da Dodanni: Ra'ayin Tsohon Malamin Makaranta

Jawabin da tsohon hedimastan firamare ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma Hakimi, uban taro, shugaban wannan ƙungiya mai albarka da 'yan majalisarsa, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane domin halartar wannan taro, ɗalibaina na da, waɗanda na lura furfura ta soma leƙo wasunku, ina yi wa kowa barka da zuwa gida. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.

Da shugabannin ƙungiya suka aiko mini cewa in yi magana a kan tarbiyyar yara, na san abin da suke tsammani. Tsohon hedimasta zai miƙe ya yi faɗa a kan wayar hannu da lalacewar zamani, a tafa masa, a ci abinci, a watse. Na roƙe su su bar ni in taƙaita a kan abu guda da yake cikin gidajenku na birni, ko kun sani ko ba ku sani ba. Wannan abu shi ne littattafan soyayya irin waɗanda ake cakuɗa so da abubuwan al'ajabi: budurwa ta ƙaunaci aljani, ko ɗan sarkin wata duniya da babu ita, ko jarumi mai hawa dodo. Zan faɗi ra'ayina a matsayin makaranci, ba manazarci ba, domin iyakar karatuna kwalejin horon malamai, sai abin da aji ya koya mini a shekara 35.

Abin da ya jawo wannan magana

A hutun Sallar da ta wuce jikata ta zo mini daga birni. Shekarunta 16. Kwana uku ban ji muryarta ba sai wajen gaisuwa, kullum tana ƙuryar ɗakin kakarta da wani littafi na Turanci mai kauri kamar bulo. Na ce mata, "Amaryata, wane kishiya kika samo mini da ya hana ki hira da ni?" Ta ce, "Tsoho, ba za ka gane ba." Na karɓa na duba. Ina buɗe shafi sai na ci karo da saurayi wanda ba mutum ba, yana shan jini, ya haura shekara ɗari a duniya amma fuskarsa ta ɗan 17. Nan take hannuna ya ƙaiƙayi irin ƙaiƙayin da yake yi sa'ad da nake riƙe da bulala. Na yi niyyar ƙwacewa. Abin da ya hana ni shi ne wani laifi da na aikata tun kafin a haifi jikar tawa, wanda ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba sai yau.

Wajen tsakiyar shekarun 1990, ina hedimasta, na shiga aji shida ana darasin lissafi, na kama wata yarinya da ɗan ƙaramin littafin soyayya na Hausa a ƙarƙashin benci. A duk ajin babu wanda ya kai ta iya karatu. Ita nake sa wa ta karanta sanarwa idan baƙi sun zo. Washegari a taron safe na fito da ita gaban ɗalibai, na yi mata bulala, na sa aka cinna wa littafin wuta. Na koma ofis ina ganin na yi aikin lada. Daga baya na ji ashe hayarsa ta ɗauko a teburin mai littattafai a kasuwa, sai da mahaifiyarta ta haɗa kuɗin ƙuli-ƙuli ta biya. Ba ta wuce firamare ba, aka yi mata aure.

Bayan shekaru masu yawa ta kawo ɗanta rajista a wata makarantar da aka mayar da ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, muka taɓa hira. Da za ta tafi sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, don Allah in tambaye ka. Littafin nan da ka ƙona, ka karanta shi kuwa?" Na ce ban karanta ba. Ta ce, "Labarin wata yarinya ne da take son a bar ta ta ci gaba da makaranta." Ba ta faɗa da fushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Har yau ban san sunan littafin ba. Na yanke masa hukunci ban saurari ko shafi ɗaya daga bakinsa ba, abin da ba zan yarda alƙali ya yi wa ɓarawon akuya ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa a ranar nan da tsakar rana nake cikin duhu.

Saboda haka na mayar wa jikata littafinta, da sharaɗin idan ta gama za ta ba ni aro. Na sa tabarau, na ajiye ƙamus a gefe, na karanta shi daga farko har ƙarshe. Na kuma sa ta ta buɗe mini na Hausa da ake rubutawa a waya, ana rabawa a WhatsApp da Wattpad, ana karanta wasu da murya a YouTube. Gani ya kori ji. Ga abin da na gani.

Ba baƙo ba ne a gidanmu

Da farko, ya kamata mu daina cewa wannan abu Turawa ne suka kawo mana. Wace ce a cikin iyayenmu mata da ke nan ba ta san tatsuniyar budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba? Samarin gari duk ta kore su, sai ga wani kyakkyawa marar ko ƙwarzane, ta bi shi, a tsakiyar daji ya rikiɗe ya koma abin da yake. Soyayya ce da abin al'ajabi, a bakin murhu aka rene mu da ita. Labarin da muka gada na Bayajida ma, baƙo ne ya zo Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya.

Da boko ya zo, marubutanmu na farko ba su guje wa wannan hanya ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ganɗoki ya yi hulɗa da aljanu. Alhaji Imam bai kai ga ruwan Bagaja ba sai da taimakon aljanu. Magana Jari Ce kuwa, da aka fitar juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, aku ne yake ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kuma Imam bai ji kunyar ɗebo wasu labaran daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa ba. Waɗannan littattafai mu muka koyar da su a aji, muka ba da jarrabawa a kansu. To da wane baki za mu ce aljani a littafi shi ne laifi?

So ma haka. Ina kwaleji aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, labarin Bafulatana da ta kafe a kan wanda take so duk da ba danginta ba ne. Kwafi ɗaya ya zagaye ɗakin kwananmu har bangonsa ya cire. Bayansa aka sami ambaliyar da masana suka laƙaba wa adabin kasuwar Kano: Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da ɗaruruwa irinsu. An yi ta muhawara a jaridu a kan ko adabi ne ko shirme. A 2007 har an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano. Amma a 2012 aka fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya. Abin da muka tura wuta, wasu sun ɗauka sun kai jami'a.

A ƙasashen Turawa kuma wannan fanni ya bunƙasa ƙwarai a wannan ƙarni. Littafin da na ara a wurin jikata shi ne Twilight na Ba'amurkiya Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005. Bayansa an yi A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas a 2015, inda aka ɗauke wata mafarauciya zuwa ƙasar wasu halittu masu kama da aljanu, da Fourth Wing na Rebecca Yarros a 2023, inda ake koyon yaƙi a kan dodanni masu fukafukai. Waɗannan biyu na ƙarshe akwai bayanin kwanciya ƙarara a cikinsu. Ba na yarinya 'yar 16 ba ne, kuma ya kamata iyaye su san haka.

Alherin da na gani

Ba zan ɓoye gaskiya don in faranta wa tsarana ba. Na yi shekara 35 ina fama da yara su karanta shafi biyu, ga yarinya ta cinye shafi kusan ɗari biyar a kwana uku ba wanda ya sa ta. Duk malamin da ya raina wannan bai san wahalar aikinsa ba. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 muka cika azuzuwa da yara, muka koya musu haɗa baƙi, amma ba mu ba su abin karantawa ba idan sun koma gida. Littattafan kasuwa ne suka cike gurbin. Mata da yawa da aka cire daga makaranta, su suka hana karatunsu ya dushe. A cikinsu ne kuma mata suka sami bakin faɗin abin da ba sa iya faɗa a zaure: auren dole, zaluncin kishiya ko na miji, saki ba dalili, hana 'ya mace ilimi.

Abin al'ajabi kuma yana da nasa amfani. Yarinyar da ba a taɓa tambayar ra'ayinta a gida ba, idan ta karanta labarin wata irinta da ta tsaya gaban sarkin aljanu ta ce a'a, wani abu yana motsawa a zuciyarta wanda wa'azina na taron safe bai taɓa motsawa ba. Almara ba ƙarya ba ce idan tana ɗauke da gaskiyar halin ɗan Adam. Ai babu wanda ya taɓa ganin Gizo yana noma, amma kowa ya san mai halin Gizo a unguwarsu.

Inda na ga illa

Duk da haka ban fito daga karatun nan ina tafi ba. Na sami ma'auni uku da nake auna kowane littafi irin wannan, ina so in bar muku su.

Ma'auni na farko: shin abin al'ajabin yana da farashi? Ku tuna Jiki Magayi. Attajiri ya raba Abubakar da Zainab. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya sha baƙar wahala kafin ya samu. Asirin ya faɗa a kan Kyauta, ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zama ɓarawo, har ya yi sanadin mutuwar mahaifinsa. Babu wanda ya ci riba. Yaron da ya karanta wannan ya koyi cewa gajeriyar hanya tana da kuɗin fito. Amma a yawancin na waya da na karanta, yarinya tana cikin talauci da tsangwamar matar uba, sai aljani ko yarima ya bayyana, gobe ga gidan sama, ga motoci, ga maƙiya sun durƙusa. Ba ta koyi sana'a ba, ba ta ci jarrabawa ba, ba ta rasa komai ba. Wannan ba tatsuniya ba ce, caca ce. Kuma wadda ta saba da ita za ta ga malamin makaranta ko tela da ya zo neman aurenta kamar an rage mata canji.

Ma'auni na biyu, wanda ya fi damuna: wane irin namiji ake koya wa yarinya ta so? A littafin jikata, saurayin yana shiga ɗakin yarinyar da dare ba da saninta ba, ya zauna yana kallonta tana barci, kuma marubuciyar ta nuna wannan a matsayin tsananin ƙauna. Na ce wa jikata, "In wani ya yi miki haka a gidan nan, sunansa masoyi ko ɓarawo?" Ta yi dariya, sannan ta yi shiru. A na Hausa kuwa akwai wani gwarzo da na gaji da haɗuwa da shi, wai shi miskili: ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, yana wulaƙanta yarinya, wani lokaci har da mari, sai a shafi na ƙarshe a ce ashe duk so ne. 'Yan'uwa, na zauna a sulhun aure ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Mai mari a farkon littafi shi ne mai mari a ƙarshensa. Tatsuniyar marar tabo ta fi waɗannan hikima, domin ita gargaɗi take yi cewa kyakkyawan baƙon da ba a san asalinsa ba yana iya zama dodo. Sababbin sun juya ta: sun ce dodo ne, mun sani, amma ki yi haƙuri, sonki zai mayar da shi mutum.

Ma'auni na uku shi ne harshe da kunya. Littafin da aka buga a da, ko na kasuwa ne, yakan bi ta hannun wani ya duba. Na waya daga babban yatsan marubuci yake zuwa idon yaro. Za ka ga jimla rabi Hausa rabi Turanci, ba a raba kalma inda ya kamata, ba ƙugiya a kan baƙi, har ka rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa. Wasu kuma batsa ce tsagwaronta ake sayarwa a ɓoye, an lulluɓe ta da sunan soyayya. Wannan ba ni da wani uzuri da zan ba ta. Sai dai ku lura: laifi tudu ne. Yaranmu na birni da yawa ba su iya rubuta Hausa ba domin mu iyayensu mun ɗauka ci gaba ne a hana su ita a gida da makaranta.

Abin da nake roƙo

To mene ne abin yi? Ƙonawa dai na gwada, na gaya muku abin da na samu. Balle yanzu da littafin yake cikin waya, wuta ba ta kai gare shi. Abin da na gano a tsufana shi ne, haɗarin ba a aljani yake ba, ba a so yake ba. Yana wurin yaro ya karanta shi kaɗai, babu babban da ya san abin da ke ciki balle ya tambaye shi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma sai babban ya buɗe ido ya duba wajen da yaron yake kallo.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na ɗaya, ga iyaye, musamman ku na birni: kowa ya karɓi littafi ɗaya da ɗansa ko 'yarsa ke karantawa, ya karanta shi har ƙarshe kafin ya ce uffan. Sannan ya yi tambaya uku: me wannan yarinya ta biya kafin ta samu? Za ki yarda ƙanwarki ta auri wannan mutum? Za ki iya karanta wannan shafi da ƙarfi a gabana? Amsar da za ku ji za ta sanar da ku halin da ɗanku yake ciki fiye da binciken wayarsa a ɓoye. Wanda ya cancanci hani a hana, amma a faɗi dalili.

Na biyu, ga ƙungiya: mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah ya saka. Amma a duk faɗin garin nan babu ɗaki ɗaya da yaro zai shiga ya ari littafi. Ba na neman gini. A ba mu ɗaki guda da kabad biyu da mai kula da rajistar aro. Kowane ɗan ƙungiya ya zo da littafi biyu a taro mai zuwa, ɗaya na da, ɗaya na yanzu. A sa Magana Jari Ce kusa da na Balaraba, a sa littattafan yaƙi da aljanu irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini kusa da Ganɗoki, yaro ya karanta ya auna da kansa. Wanda ya ɗanɗana miyar gwana ba sai an hana shi ta ƙazama ba. Ni na ɗauki alkawarin zama a ɗakin nan kwana biyu a mako muddin ƙafata tana kai ni, kuma littattafaina na kwaleji su ne za su fara shiga kabad.

Na uku, ga 'ya'yanmu masu sha'awar rubutu: kada ku ji kunyarsa. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, alama ce cewa alƙalamin 'ya mace yana da daraja. Ku rubuta aljanunku da dodanninku, amma ku sa musu doka, ku sa wa buri farashi, ku ba mu namijin da ya san girman mace tun daga shafin farko. Kuma ku nemi tsofaffi kafin mu ƙare. Akwai tatsuniyoyi a bakin kakanninku na garin nan da ba a taɓa rubutawa ba.

Kammalawa

Kafin jikata ta koma, na ba ta Jiki Magayi. Ta juya shi ta ce, "Tsoho, wannan ɗan siririn?" Bayan mako biyu ta kira ni a waya, ba gaisuwa mai tsawo, ta ce ita ba ta yarda ba, me Kyauta ya yi da za a ɗora masa laifin manya? Muka yi rabin sa'a muna gardama har katinta ya ƙare. Wannan gardama ita ce darasin da ya kamata in yi da waccan ɗaliba tawa shekara talatin da suka wuce, na ɗauki ashana maimakonsa. Idan tana cikin wannan taro, ko wannan mujalla ta kai hannunta, ina neman gafararta a gaban jama'a kamar yadda na kunyata ta a gaban jama'a.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya shirya mana zuriya, ya ɗaukaka wannan gari da wannan ƙungiya, ya ja zamanin Hakimi.